BABI NA UKU: TARIHIN TARA TSOFAFFIN NA'URORIN WASAN BIDIYO DA SAUYIN FARASHINSU (1972 ZUWA 2023)

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda tsofaffin na'urorin wasan bidiyo da kasakasansu da sauran kayan haɗinsu suka tashi daga matsayin tarkacen yara da ake zubarwa a bola, har suka kai matsayin kayan da ake gwanjonsu a kan dubban ɗaruruwan daloli. Za a fi mayar da hankali kan ƙasashen Amurka da Japan, domin a can ne aka ƙera mafi yawan waɗannan na'urori, kuma a can ne kasuwar masu tara su ta kafu. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, tsufa kaɗai bai taɓa sa wa na'ura tsada ba. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma a wannan fage akwai tsofaffin na'urori masu shekaru arba'in da har yanzu kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da yake yanke farashi shi ne yawan abin da ya tsira daga zubarwa, da kuma halin da ya tsira a ciki.

Kafin a ci gaba, ya kamata a fayyace wasu kalmomi. Idan an ce "na'ura" ana nufin akwatin da ake jonawa da talabijin domin yin wasa. "Kaset" kuwa shi ne ɗan ƙunshin roba mai ɗauke da wasan, wanda ake cusawa cikin na'urar. "Linzami" shi ne abin da mai wasa yake riƙewa a hannu yana dannawa.

3.1 Na'urorin Farko da Farashinsu na Asali

Na'urar wasan bidiyo ta farko da aka sayar domin amfanin gida ita ce Magnavox Odyssey, wadda ta fito a Amurka a shekarar 1972. Injiniyan da ya jagoranci ƙirƙiro ta shi ne Ralph Baer, kuma an sayar da ita a kan kusan dala 100. Ba ta da sauti, ba ta da launi, sai dai akan manna wata leda mai zane a fuskar talabijin domin ta zama filin wasa. A cikin wannan shekara ce kuma Nolan Bushnell da Ted Dabney suka kafa kamfanin Atari, wanda a 1977 ya fito da na'urar Atari VCS a kan dala 199. Daga baya aka sauya mata suna zuwa Atari 2600. Ita ce ta yaɗa al'adar sayen na'ura ɗaya a riƙa canza mata kaset, kuma an sayar da kusan miliyan 30 daga cikinta.

Wannan adadi yana da muhimmanci ga nazarinmu. Saboda yawan da aka ƙera, Atari 2600 ba ta zama abu mai wuyar samu ba, duk da cewa ta haura shekaru arba'in da biyar. Mai sha'awa yana iya samun wadda take aiki a kan kuɗin da bai kai na sabuwar na'urar zamani ba. Idan aka yi la'akari da yadda darajar dala ta ragu tun daga 1977, wanda ya saye ta sabuwa ya ajiye ta bayan ya yi amfani da ita, asara ya yi.

3.2 Durƙushewar Kasuwa a 1983 da Ramin Alamogordo

Zuwa shekarar 1982 kasuwar wasan bidiyo a Amurka ta cika ta batse. Kamfanoni da yawa, har da waɗanda ba su da wata alaƙa da harkar, suka shiga buga kasakasai barkatai, mafi yawansu marasa inganci. Masu shaguna suka tara kayan da suka kasa sayarwa, suka koma karyar da su. Kaset ɗin da ake sayarwa wajen dala 30 sai ya koma dala 5 ko ƙasa da haka. Kuɗin da masana'antar take samu a Amurka ya faɗo daga kimanin dala biliyan 3.2 zuwa kusan dala miliyan 100 a 1985, kuma kamfanin Atari shi kaɗai ya yi asarar fiye da dala miliyan 500 a 1983.

Babu abin da yake nuna halin da ake ciki a wancan lokaci kamar labarin wasan E.T. the Extra-Terrestrial. An gina wasan ne a kan fim ɗin Steven Spielberg mai wannan suna, kuma an bai wa mai tsara shi, Howard Scott Warshaw, kimanin mako biyar kacal domin ya gama kafin cinikin Kirsimeti na 1982. An buga miliyoyin kaset, aka sayar da wasu, masu yawa kuma aka dawo da su. A watan Satumba na 1983 kamfanin ya kwashi manyan motoci cike da kasakasai da na'urori daga ma'ajiyarsa ta El Paso a jihar Texas, ya kai su juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, aka murƙushe su aka binne, aka kuma zuba siminti a kai domin hana yara tonowa.

Shekaru talatin mutane suna ta muhawara a kan ko wannan abu ya auku da gaske, ko kuwa ƙanzon kurege ne. A ranar 26 ga Afrilu, 2014, aka haƙa wurin a gaban jama'a da masu ɗaukar fim, aka fito da kasakasai kusan 1,300. Wani tsohon ma'aikacin kamfanin da ya kula da binnewar, James Heller, ya bayyana cewa kimanin 728,000 aka binne, kuma ba duka ne na E.T. ba. Daga nan hukumar garin ta sa wasu daga cikin abin da aka tono a kasuwar eBay. Ta sayar da ƙasa da 900 a kan jimillar fiye da dala 100,000, kuma kaset ɗaya na E.T. ya kai dala 1,535. Wani kuma aka kai shi gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington.

A nan akwai abin lura. Kaset ɗin E.T. na yau da kullum, mai tsabta kuma mai aiki, kuɗinsa 'yan daloli ne, domin yana da yawa a hannun mutane. Wanda ya yi shekaru talatin a ƙarƙashin ƙasa, ya lanƙwashe, ya yi wari, ba ya ma aiki, shi ne ya kai dala dubu da ɗari biyar. Ke nan wanda ya biya wannan kuɗi labarin ramin ya saya da takardar shaidar da hukumar garin ta haɗa masa da ita.

3.3 Zamanin Nintendo da Batun Kwali

Daga Japan ne kasuwar ta farfaɗo. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto a 1889 domin buga katin wasa, ya fito da na'urar Famicom a ranar 15 ga Yuli, 1983, a kan yen 14,800. A watan Oktoba na 1985 aka shigar da ita Amurka ta birnin New York da sabon suna, wato Nintendo Entertainment System, ko NES a taƙaice. An sayar da kusan miliyan 62 a duniya. Bayanta Sega ya fito da Mega Drive a 1988, Nintendo ya biyo da Super Famicom a 1990, sannan Sony ya shigo da PlayStation a watan Disamba na 1994.

Yaran da suka tashi da waɗannan na'urori su ne daga baya suka zama ginshiƙin kasuwar masu tarawa. Abin yana da tsari: yaro mai shekara goma a 1988 ya zama magidanci mai albashi bayan shekara ashirin, sai ya koma neman abin da ya yi wasa da shi, ko abin da iyayensa suka kasa saya masa. Saboda haka farashi yakan bi sawun tsara. An fara da neman kayan Atari, aka koma kan NES, daga baya kuma aka waiwayi Nintendo 64 da GameCube.

Sai dai kafin wannan lokaci ya zo, an yi shekaru ana wulaƙanta kayan. A cikin shekarun 1990 tsofaffin kasakasai ana zuba su ne a kwando a kasuwannin gwanjo da ƙofar gidaje, ana sayar da su dala ɗaya ko biyu. Shagunan da suke sayen tsofaffin wasanni su sake sayarwa sukan jefar da kwali da ɗan littafin bayani domin rage cunkoso a kanta. Yara kuwa, kamar yadda kowa ya sani, yaga kwalin suke yi tun ranar farko. Kaset roba ce mai ƙwari, tana jure faɗuwa da ƙura. Kwali takarda ce. Don haka a cikin kowace tarin kasakasai da suka tsira, kaɗan ne suke tare da kwalinsu, kuma kaɗan daga cikin kaɗan ne ba a taɓa ɓare ledarsu ba.

Daga nan ne masu tarawa suka kasa kaya gida uku: kaset tsirara, da kaset cikakke mai kwali da littafi, da kuma wanda yake a rufe kamar yadda ya fito daga masana'anta. Tazarar farashi tsakanin na farko da na uku tana iya kai ninki ɗari, wani lokaci ma dubu. Ɗan hakin da aka raina, wato kwalin da aka share aka kai bola, shi ne ya zo ya tsone wa kowa ido.

Kafuwar eBay a 1995 ita ce ta haɗa waɗannan mutane wuri guda. A da, mai neman wani kaset sai ya yi ta yawo gari gari, mai sayarwa kuma bai san darajar abin da yake hannunsa ba. Da aka samu dandalin da kowa yake ganin nawa aka sayar da abu jiya, sai farashi ya daidaita, tsintuwar araha kuma ta fara wuya.

3.4 Kayan da Suka Yi Suna Saboda Ƙaranci

Misalin da ya fi shahara shi ne wasan Stadium Events, wanda kamfanin Bandai ya fitar a Amurka a 1987 tare da wata tabarmar roba da ake takawa ana gudu a kai. Ba a daɗe ba Nintendo ya sayi haƙƙin tabarmar, ya sa mata suna Power Pad, ya sake fitar da wasan da sunan World Class Track Meet a 1988. Na farkon ya ɓace daga shaguna bayan ɗan lokaci kaɗan. Wasannin biyu kusan abu ɗaya ne, bambancinsu suna da hoton bango. Amma na biyun, da yake an buga shi da yawa, 'yan daloli ake sayensa, na farkon kuwa ya zama abin da kowane mai tara kayan NES yake mafarki. A watan Fabrairu na 2010 wata mata a jihar North Carolina ta sa tsohuwar na'urar NES da 'yan kasakasai a eBay ba tare da ta san abin da yake ciki ba. Masu ido suka hango Stadium Events da kwalinsa a hoton, aka yi ta tayi har cinikin ya tsaya a dala 13,105. Masana harkar sun nuna cewa kaso mafi tsoka na wannan kuɗi na kwalin ne.

Haka abin yake ga wasan Air Raid na Atari 2600, wani shuɗin kaset mai mariƙi da wani ƙaramin kamfani mai suna Men-A-Vision ya fitar a farkon shekarun 1980. A 2010 an sayar da wanda yake da kwali a kan dala 31,600, a 2012 kuma aka samu mai kwali da littafinsa, ya kai dala 33,433.

Akwai kuma kayan da tun asali ba a yi su domin sayarwa ba. A 1990 Nintendo ya shirya gasa mai suna Nintendo World Championships, wadda ta zaga birane 29 na Amurka. An haɗa kaset na musamman mai ɗauke da guntayen wasanni uku, wato Super Mario Bros. da Rad Racer da Tetris, wanda ake bugawa cikin minti shida da daƙiƙa 21. An bai wa mutum 90 da suka kai zagayen ƙarshe kaset mai launin toka, sannan mujallar Nintendo Power ta raba guda 26 masu ruwan zinare. A 2009 an sayi ɗaya daga cikin masu ruwan zinaren a kan dala 17,500, kuma a lokacin ana ganin wannan kuɗi hauka ne.

A ɓangaren na'urori, wadda ta fi ɗaukar hankali ita ce samfurin gwaji da ake kira Nintendo PlayStation. A ƙarshen shekarun 1980 Nintendo da Sony sun ƙulla yarjejeniyar ƙera na'ura mai karɓar kaset da faifan CD. A 1991 Sony ya sanar da ita a wani bajekoli, washegari kuma Nintendo ya sanar da cewa ya koma aiki da kamfanin Philips. Wannan saɓani ne ya kai Sony ga ƙera tasa PlayStation. Ɗaya daga cikin samfuran gwajin ya bi wani tsohon shugaban sashen wasanni na Sony, Olaf Olafsson, zuwa wani kamfanin hada-hadar kuɗi mai suna Advanta. Da wannan kamfani ya karye a 2009 aka yi gwanjon kayan ofishinsa, sai wani ma'aikaci ya sayi tarin kaya a kan dala 75, na'urar tana ciki. A watan Maris na 2020 aka sayar da ita a kan dala 360,000 ga ɗan kasuwa Greg McLemore. A ganin mai wannan bincike, idan akwai tsadar da take da hujja a duk wannan fage, to ita ce wannan, domin na'urar shaida ce ta wani lamari da ya sauya alƙiblar masana'antar baki ɗaya.

Za a lura cewa kusan duk waɗannan kaya sun fito ne daga gazawa: wasan da aka janye, kamfanin da ya mutu, yarjejeniyar da ta wargaje. Haka na'urar Virtual Boy ta 1995, wadda ba a sayar da ko 800,000 ba kafin a daina yin ta, ta fi Game Boy ta yau da kullum tsada a hannun masu tarawa, alhali Game Boy ce duniya ta karɓa. Na'urar Neo Geo ta kamfanin SNK ita ce ta ɗan bambanta, domin tun tana sabuwa ana sayar da ita kusan dala 650, kaset ɗinta kuma wajen dala 200, don haka 'yan kaɗan ne suka iya mallakarta.

3.5 Kayan Haɗi da Kuɗin Raya Na'ura

Wanda yake tara na'urori domin ya yi wasa da su yana da wata ɗawainiya da ba a cika lissafawa ba. Na'ura ba ta aiki ita kaɗai. Tana buƙatar linzami na asali, da wayar wuta mai ƙarfin da ya dace, da wayar talabijin, kuma waɗannan su ne suka fi saurin ɓata ko lalacewa. NES ta farko ta zo da ɗan mutum-mutumi mai suna R.O.B. da bindigar roba mai suna Zapper. Samun mutum-mutumin ba shi da wuya sosai, amma ƙananan kayan da yake ɗagawa yana ajiyewa, waɗanda yara suka watsar, su ne suke ɗaga farashin cikakken saiti.

Bindigar Zapper kuwa ta jawo wani abin mamaki. Idan aka danna kunamarta, fuskar talabijin takan yi baƙi na ɗan ƙiftawar ido, sannan farin tabo ya bayyana a inda abin harbi yake, idon da ke bakin bindigar ya gane hasken. Wannan dabara tana aiki ne da tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, domin talabijin ta zamani mai faɗi tana ɗan jinkiri kafin ta nuna hoto. Kamfanin Sony ya daina ƙera talabijin ɗinsa samfurin Trinitron a 2008, sauran kamfanoni ma suka daina. Gidajen talabijin da asibitoci suka riƙa zubar da irin nasu masu inganci ko su bayar kyauta. Bayan 'yan shekaru masu wasan suka koma nemansu a kan ɗaruruwan daloli.

Bugu da ƙari, kayan kansu suna tsufa. Robar Super Nintendo takan rine ta koma rawaya. Ƙananan ma'ajiyar wuta da ake kira kafasita sukan zubar da ruwansu su cinye allon na'ura, matsalar da aka fi sani a Game Gear ta Sega da Xbox ta farko. Kasakasan da suke ajiye matakin da mai wasa ya kai, irin The Legend of Zelda, suna da ɗan batir a ciki wanda yake mutuwa, kuma sai an buɗe an canza shi da dalma. Sannan ga matsalar jabu, wadda ta fi yawa a kasakasan Pokémon, har ta kai mai saye mai hankali yakan nemi a buɗe masa kaset ya ga allon ciki kafin ya biya.

3.6 Kamfanonin Tantancewa da Tashin Gwauron Zabi (2019 zuwa 2021)

Har zuwa 2018 kasuwar tana hannun masu sha'awa ne, kuma da wuya a ji wasa ya wuce 'yan dubun-dubatar daloli. Abin da ya sauya ta shi ne shigowar tsarin tantancewa, wanda aka aro daga masu tara tsofaffin sulalla da littattafan barkwanci masu zane. Mai kaya yakan aika wa kamfani, a duba lafiyar kwali da ledar, a ba shi maki, a rufe shi ruf a cikin akwatin roba mai haske. Kamfanin Video Game Authority ya fara wannan aiki a 2008, amma wanda ya yi tashe shi ne Wata Games, da ya fara aiki a 2018, wanda kuma babban gidan gwanjo na Heritage Auctions da ke Dallas ya riƙa sayar da kayan da ya tantance.

A watan Fabrairu na 2019 aka sanar da sayar da Super Mario Bros. a rufe a kan dala 100,150. Daga cikin waɗanda suka haɗa kuɗi suka saya akwai Jim Halperin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heritage Auctions. Daga nan abin ya zama kamar tsere. Annobar korona ta 2020 ta kulle mutane a gida, da yawa suka koma kan abubuwan ƙuruciyarsu, masu kuɗi kuma suna neman inda za su zuba jari. A Yuli na 2020 an sayar da wani Super Mario Bros. dala 114,000, a Nuwamba Super Mario Bros. 3 ya kai dala 156,000. A Afrilu na 2021 wani kaset da aka saya domin kyautar Kirsimeti a 1986 aka manta shi a aljihun tebur ya kai dala 660,000. A ranar 9 ga Yuli The Legend of Zelda ya kai dala 870,000, kwana biyu bayan haka Super Mario 64 ya kai dala miliyan 1.56. A watan Agusta kuma aka sayar da wani Super Mario Bros. dala miliyan 2 ta hannun kamfanin Rally, wanda ya saye shi dala 140,000 a 2020 ya rarraba wa mutane hannun jari a cikinsa.

Abin da ya ɗaure wa tsofaffin masu tarawa kai shi ne, waɗannan ba wasanni ne masu ƙaranci ba. An sayar da Super Mario Bros. kimanin miliyan 40, Super Mario 64 kuma kusan miliyan 12. Ƙarancin da ake magana a kai ya koma kan makin 9.8 da aka rubuta a jikin akwati, kuma a lokacin kamfanin bai fitar da ƙididdigar yawan kayan da ya bai wa kowane maki ba, ballantana mai saye ya san ko guda nawa ne irin nasa. Da aka sayar da Sonic the Hedgehog dala 430,500 a watan Satumba na 2021, Yuji Naka, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, ya fito a shafinsa na Twitter yana tambaya ko damfara ce.

A watan Agusta na wannan shekara wani mai sharhi ɗan ƙasar Ostareliya, Karl Jobst, ya fitar da dogon bidiyo yana zargin cewa akwai haɗin baki tsakanin masu tantancewa da masu gwanjo domin hura farashi. Kamfanonin biyu sun musanta zargin. A watan Mayu na 2022 wasu abokan ciniki suka shigar da ƙara a kan Wata Games a wata kotun tarayya da ke California, suna zarginsa da yaudara da kuma jinkirta aikinsu. Ko ma mene ne gaskiyar lamarin, farashin kayan da suke a rufe ya faɗi ƙwarai a 2022 da 2023, kuma da yawa daga waɗanda suka saya a ƙololuwar tashin sun sayar da asara. Farashin kasakasai tsirara da talakan mai wasa yake saye shi ma ya tashi a lokacin annobar, sai dai bai sauko da irin wannan sauri ba.

3.7 Tasirin Tsada a Kan Adana Tarihi

Wani zai iya cewa wannan duk rigimar masu kuɗi ce. Amma akwai abin da ya shafi ilimi a ciki. A watan Yuli na 2023 gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar da sakamakon binciken da ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a iya sayensu sababbi a kasuwa. A watan Maris na wannan shekara ma Nintendo ya rufe shagunansa na intanet na na'urorin Wii U da 3DS, inda ake samun tsofaffin wasanni da yawa. Wato mai nazarin da yake son ya ga irin waɗannan ayyuka ta halaltacciyar hanya, dole ya nemi tsohon kaset da tsohuwar na'ura, ko ya yi tattaki zuwa gidan tarihi irin The Strong da ke Rochester a jihar New York.

A nan masu tarawa suna da fuska biyu. Su ne suka tsinto kayan daga kwandunan gwanjo a lokacin da kamfanonin da suka ƙera su ba su damu da adanawa ba, kuma ta hannunsu aka gano samfuran gwaji da wasannin da ba a taɓa fitarwa ba. Amma tsadar da suka haifar tana hana gidajen tarihi da ɗakunan karatu saye, sannan kaset ɗin da aka rufe a akwatin maki ba mai sake kunna shi, batirinsa yana can ciki yana lalacewa.

Akwai kuma ɓangaren da kasuwar ba ta waiwaya ba sam. Miliyoyin yara a Rasha da Kudancin Amurka da Gabas ta Tsakiya da Afirka ba su fara wasa da NES ta asali ba. Da kwaikwayon Famicom da aka ƙera a Taiwan da Sin suka fara, irin Dendy da ta shiga Rasha a 1992, da ire-irenta da suka shigo kasuwannin Nijeriya tare da rawayen kasakasai masu iƙirarin ɗauke da ɗaruruwan wasanni alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa. Gidajen gwanjo na Amurka ba su cika kula da irin waɗannan ba, domin a wurinsu jabu ne. A garuruwanmu kuwa idan irin wannan na'ura ta daina aiki, takan ƙare a buhun 'yan jari bola, a fasa ta a cire wayar tagulla, a sayar da robar a kan kilo.